Sanƙira da Mai Alƙalami: Marubutan Afirka da Lambobin Yabonsu

Jama'a masu sauraro, na birni da na ƙauye, da wanda ya kishingiɗa bisa tabarma ya ajiye akwatin rediyo kusa da kunne, da direban da ke jin mu yana bisa hanya.  Yau, in Allah ya yarda, zancenmu zai kasance a kan marubutan ƙagaggun labarai na Afirka da lambobin yabon da suka ciwo, domin yabon gwani ya zama dole. Sai dai ina roƙonku haƙuri, don bayan yabon akwai wata mas'ala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake so mu duba ta tare kafin lokaci ya cim mana.

Ran Alhamis, 7 ga watan Oktoba na shekarar 2021, wani dattijo mai shekara 72 yana ɗakin girki a gidansa da ke Ingila, yana haɗa shayi, sai waya ta yi ƙara, aka ce da shi daga Suwidin ake magana, kuma shi aka zaɓa a ba lambar Nobel ta adabi ta wannan shekara. Shi da bakinsa ya ce da fari ya ɗauka wani ne ke yi masa ba'a. Wannan dattijo shi ne Abdurrazaƙ Gurnah, haifaffen tsibirin Zanzibar, wanda ya bar ƙasarsu yana saurayi, bayan juyin juya halin 1964 ya jefa masu jinin Larabawa cikin firgita, ya tafi Ingila gudun hijira, ya yi ta karatu har ya zama shaihin malami a Jami'ar Kent. Mu ma nan akwai 'yar igiyar da ta ɗaure mu da shi, domin a farkon shekarun 1980 ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, tun bai buga hikayarsa ta farko ba. Watau ba mamaki a cikin masu jina yanzu akwai waɗanda furfura ta fito musu, da suka zauna gabansa suka ɗauki darasi, alhali ba su san wanda Allah ya tsayar musu a gaban allo ba.

Littafinsa da aka fi sani, wanda ya fito a 1994, labarin wani yaro ne mai suna Yusufu, wanda ubansa ya ba da shi jingina ga wani attajirin falke saboda bashi, yaron kuwa yana tsammani kawunsa ne ya ɗauke shi riƙo. Ya tashi yana tsaron kanti, daga baya ya bi ayari zuwa can cikin ƙasa, ta dazuzzuka da garuruwan sarakuna masu karɓar kuɗin fito, a daidai lokacin da Jamusawa ke shimfiɗa mulkinsu a gabashin Afirka. Duk Bahaushen da ya taɓa jin kakansa yana ba da labarin fatauci zuwa Gwanja, ko ya karanta Shaihu Umar a makaranta, ba zai ji baƙunta a cikin wannan littafi ba: ga madugu, ga zango, ga bashi mai cin 'ya'ya, ga kuma inuwar ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, tana bin yaron duk inda ya sa ƙafa.

Ita wannan lamba ta Nobel, ga wanda bai sani ba, wasiyya ce ta wani attajiri ɗan Suwidin mai suna Alfred Nobel, wanda ya tara dukiyarsa ta wajen ƙera nakiya, ya bar ta waƙafi, aka fara rabawa a 1901. Masu zaɓen gwanin adabi kuwa wata majalisa ce ta masana mai kujera 18 a babban birnin ƙasar, kuma a shekarar Gurnah tukuicin da ke tare da lambar kurona miliyan 10 ne na kuɗinsu. Shekara 85 aka yi ana rabon nan kafin ya faɗo hannun baƙar fatar Afirka, watau Wole Soyinka, mutumin Abekuta, a 1986, wanda aka fi sani da wasan kwaikwayo da waƙa bisa ga hikaya, wanda kuma ya yi wata 22 a tsare lokacin yaƙin basasa, har da zaman kaɗaici a kurkukun Kaduna.

Bayan shekara biyu, a 1988, sai ta sauka Alƙahira, a gidan Najib Mahfuz, wanda shi ne na farko da ya ci ta da rubutun Larabci. In da za a ce in zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan gwanaye in ce ku dubi halinsa, to lalle shi zan zaɓa. An haife shi a 1911, shekara ɗaya da Alhaji Abubakar Imam, a unguwar Jamaliyya ta cikin tsohon birni, kusa da masallacin Husaini, inda ɗalibanmu na Azhar suka sani sarai. Ya yi zamansa yana ma'aikacin gwamnati, har da Ma'aikatar Auƙafu, da safe ofis, da maraice alƙalami, ya rubuta hikayoyi fiye da 30, mafi yawansu kuwa ba su fita daga lungunan birnin nan nasa ba, da masu shagunan gahawa, da ƙananan akawuna, da magidancin nan mai ɗaure fuska a cikin gida mai sakinta a waje, wanda kowannenmu ya san irinsa a unguwarsu. Da aka ba shi lambar bai ko tafi Suwidin ba, 'ya'yansa mata biyu ya aika suka karɓo. Mutum ya zauna a lungunsu, ya rubuta da harshen da ya yi karatun allo da shi, duniya ta biyo shi har ƙofar gida. Amma ku riƙe mini abu guda a nan, don za mu komo kansa: kafin majalisar nan ta waiwaye shi, an riga an tarjama wani sashe na littattafansa zuwa Turanci da Faransanci.

Sauran zan bi ta kansu da hanzari. Nadine Gordimer ta Afirka ta Kudu, Baturiyar da gwamnatin wariyar launin fata ta hana karanta wasu littattafanta, ta samu Nobel a 1991, ɗan ƙasarsu J. M. Coetzee ya biyo baya a 2003. A 1991 ɗin nan dai Ben Okri, wanda aka haifa a Minna, ya ci lambar Booker ta Ingila yana da shekara 32. Lambar Caine ta gajeren labari, da aka fara a 2000, Laila Abulela 'yar Sudan ce ta buɗe ta, Helon Habila ɗan Kaltungo ya karɓa a shekarar da ta biyo. Chimamanda Adichie ta ci lambar Orange ta marubuta mata a 2007 da labarinta na yaƙin Biyafara, kana a 2020 Djaïli Amadou Amal, Bafulatanar Marwa ta ƙasar Kamaru, ta ci lambar da ɗaliban sakandare na Faransa ke zaɓar gwaninta, da wani littafi a kan auren dole da haƙurin da ake ta ba mata.

Shekarar 2021 kuwa damina ce mai albarka, domin ban da Gurnah, Damon Galgut na Afirka ta Kudu ya ɗauki Booker, Paulina Chiziane ta Mozambik ta ɗauki lambar Camões ta masu rubutu da harshen Fotugal, David Diop ya ɗauki Booker ta littattafan da aka fassara, da labarin sojojin Sanagal da Faransa ta kwasa zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan wani saurayi ɗan Sanagal mai shekara 31, Mohamed Mbougar Sarr, ya ɗauki Gonkur, wadda babu lambar adabi da ta fi ta martaba a Faransa, shi ne kuma na farko da ya ɗauke ta daga kudu da Sahara. Abin dariya, kuɗin Gonkur yuro 10 ne kacal, ba su isa ko cefanen yini a birnin Faris ba. Fa'idarta ita ce daga ranar da alƙalai goma suka ambaci sunanka, littafinka zai shiga hannun dubun dubatar mutane.

A kan Sarr zan ɗan dakata, domin a bayan murnarsa akwai wani labari mai ban tausayi. Ya sadaukar da littafinsa ne ga wani marubucin Mali mai suna Yambo Ouologuem, haifaffen Bandiyagara, wanda a 1968, yana ɗan shekara 28, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Renaudot a Faris, aka ɗaga shi sama, jaridu suka yi ta yi masa kirari. Ba a jima ba sai aka tuhume shi da kwasar wasu sassa daga littattafan marubutan Turai ba da faɗin masu su ba, aka janye littafin daga kasuwa, bakunan da suka yaba shi jiya su ne suka koma suna tsine masa. Ya tattara ya koma ƙasarsu, ya zauna a Seware kusa da Mofti, ya rungumi ibada, ya ƙi zancen littafin da kowa, har Allah ya karɓi ransa a 2017. Ba na nan don in wanke shi ko in kama shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hannu ɗaya ne ya naɗa masa rawanin ya kuma warware shi, mutanen ƙasarsu kuwa, waɗanda tarihinsu ya rubuta, ba wanda ya tambaye su a naɗin ko a tuɓen. Sarr ya san wannan sarai, ina kuma jin ba banza ba littafin nasa ya fito da sunan maɗaba'a biyu, ɗaya a Faris, ɗaya a Dakar.

To, jama'a, ga mas'alar da na ce zan kawo. A ganina lambar yabo sanƙira ce. Kun san aikin sanƙira a wurin suna ko ɗaurin aure: ba shi ke ba mutum asali ba, faɗar asalin yake yi da ƙarfi don na nesa ya ji, kuma aiki ne mai amfani wanda ba mai hankalin da zai raina shi, tun da gwanin da ba a yi masa shela ba, sau da yawa a cikin duhu yake ƙarewa. Amma sanƙira ba ya kirarin wanda bai zo wurin taron ba, ba ya kuma kirari da harshen da ba ya ji. Manyan sanƙirorin adabi na duniya kuwa a ƙofar Suwidin da Landan da Faris suke tsaye, abin da ya iso gabansu da Turanci ko Faransanci shi suke aunawa a mizaninsu.

Hujjata ta farko Chinua Achebe ne, wanda shi ma ma'aikacin gidan rediyo ne kamarmu, a Ikko, lokacin da ya rubuta littafinsa na farko da hannu, ya ɗauki kwafi ɗaya tak da yake da shi ya sa a gidan waya zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan, suka jefa shi a kusurwa wata da watanni, sai da shugabarsa a wurin aiki ta je hutu Ingila ta tsaya musu a kai kana suka buga. Littafin ya fito a 1958, kwafi 2,000 aka fara bugawa, yau kuwa an fassara shi cikin harsuna fiye da 50, kuma da wuya a sami wanda ya yi sakandare a nahiyar nan bai ji sunan Okonkwo ba. Duk da haka har ya rasu a 2013 Nobel ba ta zo masa ba, ko da yake an ba shi babbar lambar Booker ta duniya a 2007, yana tsoho. Shi ma fa ba kowace lamba yake karɓa ba: sau biyu, a 2004 da 2011, gwamnatin Nijeriya ta miƙa masa lambar girma ta ƙasa ya mayar, bisa dalilin bai yarda da yadda ake tafiyar da al'amura ba.

Hujja ta biyu Ngũgĩ wa Thiong'o ne na Kenya, wanda aka kama a ƙarshen 1977 saboda wani wasan kwaikwayo da ya shirya tare da talakawan ƙauye da harshensu na Kikuyu, aka tsare shi shekara guda ba shari'a a kurkukun Kamiti, inda ya yanke shawarar ba zai ƙara rubuta hikaya da Turanci ba, ya zauna ya rubuta littafi sukutum da Kikuyu a kan takardar bayan gida. Kowace shekara in Oktoba ta kama sai a yi ta ambatonsa, kowace shekara kuma sai a kira wani, har ya rasu a watan Mayu na 2025.

Bari in faɗa muku abin da ya same ni. Kwana kaɗan bayan an yi shelar Gurnah, na tafi wurin wani mai sayar da littattafai da na daɗe ina ciniki da shi, irin shagon nan da littattafai suka kai rufi, ƙura ta mai da bangayensu launi ɗaya, na tambaye shi ko yana da wani abu na mutumin. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Malam, wane ne kuma wannan? Na jarrabawa ne?" Na ce a'a, wanda ya ci Nobel ne, har ya taɓa koyarwa a Kano. Ya ce, "Allah ya sanya alheri. Amma in ba a sa shi a manhaja ba, ranka ya daɗe, wa zan sayar wa?" Muna cikin haka sai ga wata yarinya da hijabi har ƙasa, ta miƙo kuɗi a dunƙule, ta ce a ba ta na biyu da na uku na wani littafin Hausa, ya juya ko dubawa bai yi ba ya zaro su daga wani ƙunshi da aka ɗaure da roba. Da ta tafi ya nuna ƙunshin da haɓa, ya ce, "Waɗannan su suka yi shekaru suna ciyar da ni, su ma yanzu waya ta kwashe rabin masu sayensu." Na fito ina tunani: ga wanda duniya ta yi wa kirari ba a san shi a shagon ba, ga wadda ake sayen littafinta kashi-kashi, sanƙiran duniya bai taɓa jin sunanta ba.

Alhali kuwa mu Hausawa mun fi kowa sanin abin da gasa ke iya yi, domin ƙagaggen labarinmu na boko gasa ce ta yi masa unguwarzoma. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labari na ƙirƙira, abin da da yawansu suka ga bai dace da mutuncin malami ba, tun da a wurinsu alƙalami na ilmi ne, tatsuniya kuwa ta tsofaffi mata ce da yara da dare. Waɗanda suka amsa kira su ne suka ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yana saurayi ɗan shekara 22 yana koyarwa a Katsina, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauchi wanda daga baya ya zama Firayim Minista, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Shekara fiye da 90 ke nan, har yau ana karanta su. Haka kuma gasar kamfanin ɗab'i na Arewa da ke Zariya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid a 1980, ƙofar da mata suka biyo ta cikinta har suka cika gidan. A shekarar nan dai aka fara lambar Noma, wadda wani mai maɗaba'a ɗan Japan ya kafa da sharaɗin sai littafin da aka buga a cikin Afirka, Mariama Bâ ta Sanagal ta fara cinta da wasiƙar wata mai takaba, ta rasu shekara guda bayan haka.

Yau muna da lambar adabi ta kamfanin gas na NLNG, mai dala 100,000, wadda Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci a 2016 da labarin wata bazawara Bahaushiya. Mun yi murna, ya kuwa cancanta, sai dai duk waɗanda suka ci ta da Turanci suka rubuta. Muna da gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, da aka fara a 2016 don gajerun labaran mata, ta kuma fito da sunaye da dama da ba a sani ba. Masu Sawahili sun kafa tasu lambar tun 2014, ta littafi cikakke da harshensu. Harshen da ake ji daga Agadas har Kumasi, daga Damagaram har Sudan, da attajiran da Allah ya hore wa abin da za su yi waƙafi da shi, bai rasa abin da zai tsayar da irin wannan ba, in an so.

Sa'an nan ga abin da na ce ku riƙe mini a wurin Najib Mahfuz, watau tarjama. Lambar da David Diop ya ci fam 50,000 ce, kuma ƙa'idarta a raba biyu daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara, ko da wane harshe aka rubuta littafin tun asali, muddin an mai da shi Turanci an buga a Ingila ko Ailan. Ashe ke nan ba abin da ya hana littafin Hausa shiga wannan fage illa rashin tafinta gwani da maɗaba'ar da za ta ɗauka. Shaihu Umar ya samu mai fassara tun 1967, watau Mervyn Hiskett. Amma hikayar da mace ta rubuta da Hausa sai a 2012 aka fara buga ta da Turanci, ita ce Alhaki Kuykuyo Ne ta Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda Malam Aliyu Kamal ya fassara, maɗaba'ar da ta buga ta kuwa tana birnin Chennai ne, can ƙasar Indiya.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ajiye Shaihu Umar kusa da Yusufun Gurnah, mu ga yadda malamin Bauchi da malamin Zanzibar kowannensu ya bi yaron da aka raba da uwarsa. Wanda ke da tsohon kwafi a cikin adaka, sai ya fito da shi ya kakkaɓe ƙura kafin ranar.